Littafin da Baba ya ce zai ƙona

Ina leƙa rumfar 'yan albasa a kasuwar Goronyo, sai na yi mutuwar tsaye.

Zamanin Turawa ne, ina elemantare a Wurno. Baba ya tsani boko. Ya ƙwace littafina na tatsuniyoyi, ya ce wuta zai sa masa. Kwana uku ina kuka.

To, a rumfar nan sai ga shi cikin dattawa, malamin kasuwa yana karanta musu littafin nan, Baba har da riƙe ciki don dariya!

Na ce, "Baba, ashe ba ku ƙone shi ba?"

Ya harare ni. "Mi kaka so? Yi muna shiru! Kura ta faɗa rijiya, ba mu ji fitatta ba."

Jiya jikata ta miƙo mini nata littafin, na kasa ajiyewa har azahar. Ku fa, wace tatsuniya ce ta ƙi sakinku?