Zuwa Bakin Komadugu Don Ganin Wata

Mun fita daga Diffa bayan sallar asuba, kwana uku da gama takabata, ni da ɗiyata Yagana, malamar lakwal, wato makarantar boko. Shekara biyu ke nan idona ya yi hazo. Mijina marigayi Modu ne yake ce mini, "Fanna, wata ya tsaya." Da ya rasu, na ƙidaya watannin takaba da bakin maƙwabta. Na ce wa Yagana ina son in ga wata da idona, a bakin gonarmu ta tattasai, kafin idon ya rufe.

Hanya

Ƙarfe shida da rabi muka shiga motar ƴan kasuwa. A shingen farko wani soja ya ga kyamarar Yagana mai dogon baki da ƙarfe mai ƙafa uku.

"Wannan fa?"

"Wata za mu ɗauka."

"Ku ɗauke shi ku kai ina?"

Aka yi dariya, ya duba takardunmu, muka wuce. Ƙarfe tara muka sauka gidan ƙanwar Modu. Ta kawo fura, muka yi kuka tare.

Bakin kogi

Daf da magariba Yagana ta kafa ƙarfen, wata yana kwana tara. Ta ce hoto ɗaya ba ya isa, don iska tana motsa shi. Za ta ɗauki da yawa, ta zubar da marasa kyau, ta ɗora sauran bisa juna su zama ɗaya.

Na ga ƙarfen siriri ne, sai na tsuguna na riƙe masa ƙafa kamar yadda ake riƙe turmi. Ban faɗa mata ba. Hannuna kuwa rawa yake.

"Inna! Tun yaushe kike riƙe da shi?"

"Tun farko. Taimako nake."

Ta sake farawa. Ba ta jima ba gajimare ya rufe sama.

Komawa

Washegari da azahar muka iso Diffa. Ta zauna gaban kwamfuta tana tankaɗe hotunan har la'asar, kusan duk rawar hannuna ta ɓata su. Kaɗan suka tsira. Ta haɗa su, ta faɗaɗa, ta kawo dab da fuskata.

Na gan shi. Rabi fari, gefensa duk ramuka kamar ƙasar da aka yi shuka. Na sa yatsa ina bi, hawaye suna hana ni, ina sharewa ina ƙara dubawa.

"Kar ki kashe tukuna," na ce.

Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya. Allah ya jiƙan Modu, ya yi wa Yagana albarka.