Minti Biyun da Na Ƙi Yankewa daga Rawar Gayya

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da na ƙi bin umarnin shugabana ba, ina cikin shekarata ta biyu da kama aiki a wata cibiyar raya al'adu mai kula da yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Muƙamina mataimakin jami'in shirye-shirye ne, amma ainihin aikina maido da rawa. Ga wanda bai san sana'ar ba, mai tsara rawa shi ne yake ƙirƙiro taku da jeri, ya haɗa su da kiɗa domin dandamali. Mai maidowa kuwa ba ya ƙirƙirar komai. Yana karɓar aikin daga mai shi, ya koya wa sababbin 'yan rawa yadda aka tsara shi, sannan ya sa hannu a takardar shiri cewa bai sauya ba.

An ba ni rawar gayya ta Baba Tanko, wani dattijo ɗan Mabai da ya yi ƙuruciyarsa a ƙungiyoyin wasa na birni, ya dawo gida ya tsara rawa daga motsin manoma. Shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi, don haka na yi mako shida ina zuwa gidansa. Yana bisa tabarma yana buga ƙwarya da hannunsa mai lafiya, ni ina takawa a tsakar gida, yana ce mini riƙon fartanyata irin na wanda ya aro ta ne.

Ga yadda rawar take ƙarewa. Mutum goma sha biyu suna noma, kowa da kunyarsa ta gona. Goma sha ɗaya su kai ƙarshe, ɗaya ya rage a tsakiya. Sai ganga ta yi shiru. Waɗanda suka gama su juyo, su kama kunyar tasa daga ɗaya gefen, suna tahowa ba kiɗa, sai ƙarar fartanya, har su haɗu da shi. Wannan yakan ɗauki minti biyu.

Ana saura kwana huɗu bikin baje kolin al'adu, shugaban sashenmu, Alhaji Lawal, ya zo kallon gwaji. Ya ce minti goma aka ba mu, rawar kuwa goma sha biyu ce. Ya umarta a cire ƙarshen, kowa ya gama tare a jere, domin manyan baƙi za su zaci ɗan rawar ya yi kuskure, makaɗi kuma ya manta. Na nemi in rage daga shigowar 'yan rawa a farko, wadda Baba Tanko ya riga ya yarje a taɓa. Ya ce ba tsawon ne kaɗai ya dame shi ba, shirun ne.

Da yamma na kai wa Baba Tanko labari. Ya ce, "Ɗana, a gonar wa ka taɓa ganin an watse gayya an bar mutum tsakiyar kunya? In za su yanke, su yanke har da sunana daga rawar."

Washegari, Talata, na shiga ofis da takardar shiri ba sa hannu. Alhaji Lawal ya tambaye ni ko na manta wanda yake rubuta rahotona na shekara.

"Ban manta ba, ranka ya daɗe," na ce. "Amma hannuna ba zai shaida abin da ba haka yake ba. Rawar ba tawa ba ce, balle in bayar da kyautar ƙarshenta."

Kafin azahar aka ba ni takardar tuhuma, in amsa cikin kwana ɗaya. Na amsa a shafi guda, ban janye kalma ko ɗaya ba. Aka cire ni daga shirin, Alhaji ya karɓi gwajin da kansa. 'Yan rawar, waɗanda yawancinsu manoma ne daga Tafoki da Yankara, suka yi masa yadda yake so har kwana biyu. Babbansu, Malam Nomau, wanda shi ne mai ragewa a tsakiya, ya gaya mini kawai cewa ƙafa tana da nata tunanin.

Ranar biki ina tsaye a bayan rumfa, ba ni da kujera. Goma sha ɗaya suka kai ƙarshe. Malam Nomau yana tsakiyar dandamali, yana noma a hankali kamar ba a taɓa yi masa magana ba. Makaɗin ya dube shi, ya ɗora tafinsa a kan ganga. Alhaji Lawal ya miƙe yana yi musu alama da hannu su sauka, amma sun riga sun juya masa baya, sun kama kunyar ɗan'uwansu. Ban ji tari ko ɗaya a filin ba har suka haɗu.

Ban ce musu su yi haka ba, kuma na faɗa a gaban kwamitin ladabtarwa. Duk da haka aka mayar da ni Sabuwa kula da ɗakin ajiye kayan wasa, ƙarin girmana ya yi jinkirin shekara guda. Ban ɗaukaka ƙara ba, ban kuma nemi afuwa ba.

Ku da kuka shigo aikin nan bayana, ku sani mai maido da rawa ɗan aike ne. Yana iya rage nauyin kaya idan mai su ya yarda, amma ba ya buɗe su a hanya ya zubar da abin da bai gamshi mai karɓa ba. Idan an matsa muku, ku ajiye alƙalami. Wurin zama ana sauya wa ma'aikaci, sa hannu kuwa nasa ne.