Jinin da na je nema a Buza

Madawa. Ana kiran assalatu muka tashi a kamiyon albasa, ni a saman buhuna. Har yau in na ji warin albasa, wannan safiyar nake tunawa. Ɗalibin kimiyya nake lokacin, zan je gida Ibohamane neman yardar Baba in ƙara shekaru a karatu. In ya ce a'a, shi ke nan.

Aikina a kan jan jini yake. A cikinsa akwai wani sinadari, porfirin, mai riƙe da ƙarfe a tsakiya. Da shi muke son oksijin ya yi aikin da masana'antu ke yi da guba, kamar dusar da launin rini. Baki ba zai gamsar da Baba ba, sai na ƙudura in nuna masa.

Buza. Da hantsi na sauka, na ci tuwon dawa, na nufi mahauta da kwalbata. Na roƙi sarkin fawa jinin rago.

"Jini? Mi za ka yi da shi, ɗan lakkwal?"

Na yi bayani. Ya tambayi sunan ubana, ya cika kwalbar yana kallona a kaikaice.

Keita. Hanyar duk duwatsu ce, taya ta fashe, na kwana a tasha. Ashe labarina bai kwana ba, ya riga ni isa gida.

Ibohamane. Baba bai karɓi gaisuwata ba. Kakana mai yanka wa duwatsu ne, Baba ne ya fara salla a gidanmu, ya sha gori.

"Ni na baro jini, kai ka ɗauko mini shi cikin buteli?"

Na ɗebo shuɗin ruwan rini a ƙwarya, na ɗiga jinin, na zuba ruwan wankin ciwo na likita da na taho da shi. Kumfa ta taso, Inna ta yi salati. A hankali shuɗin ya dushe.

"Wa kak kira?" in ji Baba.

"Ba kowa. Ko kai ka zuba, haka za ya yi."

Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya zuba da hannunsa. Ya daɗe yana duban ƙwaryar.

"Tahi karatunka," ya ce. "Amma wanke hannunka, mu yi la'asar."

Na gode wa Allah da ya kai ni gida lafiya. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, ban sake ganinsa ba.