Baffa Ya Aika a Dubo Masa Kamfani a Amurka

Baffana dillalin doya ne. Tun ina yarinya nake ganinsa a kan bencinsa a bakin kasuwar doya ta Lafiya, hula a karkace, yana sayar da doyar da bai shuka ba ga mutanen da bai sani ba. Manoman Tibi su kawo, fatake su zo da manyan motoci, shi kuma ya tsaya a tsakiya da bakinsa ya karɓi la'ada. Bai taɓa riƙe fartanya ba, amma in yana maganar wahalar sana'a sai ka rantse shi ya haƙa kogin Binuwai. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya zama waliyyina. Na fara da shi ne don a san irin mutumin da ya dubi mijin da na kawo ya ce ba shi da aikin yi.

Wajen shekarar 2008 ina aikin buga takardu a wani shagon intanet a kan hanyar Jos. Na doshi talatin, ƙannena mata sun yi aure, duk bikin da na je sai wata gwaggo ta kama hannuna ta yi min addu'a da muryar ta'aziyya. Ni kuwa ba rasa manema na yi ba, bakina ne ke korarsu, kuma ban ga laifin bakin ba.

Akwai wani siririn saurayi da ya gama karatun noma a Shabu, kullum sai ya sauko daga acaba ya wuce kwamfutar ƙarshe ta jikin taga. Ba ya hira, ba ya kallon ƙwallo. Kowa a shagon ya ɗauka ɗan damfara ne, har da ni. Ran nan ana tsakiyar zafin bazara, fanka ta mutu, na kai masa takardunsa, na saci kallon allon. Wallahi shebur na kwashe dusar ƙanƙara yake yabo da Turanci, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Na ce, “Malam, lafiya dai ko?”

Ya yi dariya ya jawo min kujera. Wai shafuka yake buɗewa a intanet, yana tallata kayan kamfanonin waje. Duk Baturen da ya bi ta shafinsa ya sayi shebur, ko bargon lantarki, ko abincin kare, sai a ware masa ɗan kasonsa.

Na ce, “Ashe kai ma dillali ne.”

Ya ce ai ni ce mutum ta farko a Lafiya da ta gane aikinsa. To, daga nan abin ya fara, ba sai na ba da labarin soyayya ba, kowa ya san yadda take.

Matsalarsa ɗaya ce. Manyan kamfanonin da ke biya da kyau, da sun ga adireshin Nijeriya sai su rufe ƙofa, ko sallama ba sa amsawa. Ya yi ta bincike har ya gano mutum na iya yi wa kamfani rajista a Amurka yana zaune a ƙasarsu. Irin kamfanin nan ne da in ya ci bashi, bashin nasa ne shi kaɗai, ba a zuwa gida a ɗauke maka katifa. Akwai wakilai a can da sana'arsu ke nan, su ara maka adireshi, su karɓar maka saƙo, kai kuma ka riƙa sabunta rajistar duk shekara. Ni na buga masa takardun. Muka yi hoton fasfo, muka aika, aka dawo da su wai sa hannu ya fita daga layi, muka sake. Ya yini a rumfar masu waya yana ihu cikin Turanci kafin ya samu lambar haraji, har masu gyaran taya suka zaci da matarsa yake faɗa.

Ranar da takardar shaida ta iso, ban taɓa ganin fuskar ɗan Adam ta yi haske haka ba. Ya riƙa shafa ta kamar jaririya. Kamfanonin da suka ƙi shi a da, suka fara amsa masa da “ranka ya daɗe” irin tasu. Aiki ya buɗe, ya canza takalmi, ya gyara wa mahaifiyarsa rufin ɗaki. A cikin wannan farin cikin ya ce zai turo manyansa.

Kafin manya, sai da ya zo ya gaida Baffa a zaure. Ni da Inna, mahaifiyata, muna maƙale a bayan ƙofa, wai muna tsince shinkafa.

Baffa ya ce, “Sana'ar me kake yi, yaro?”

“Talla nake yi, Baffa. Ina da kamfani.”

“Madalla. A wace unguwa?”

“A Amurka.”

Na ji tabarma ta yi ƙara, Baffa ya gyara zama. Muryarsa ta yi laushi kamar an zuba mata man gyaɗa. “Allah ya yi albarka. Yaushe ka dawo?”

“Ban taɓa zuwa ba, Baffa.”

Inna ta daina motsa hannu a faranti.

A gidanmu ba a ba da ’ya sai an je an ga wurin zaman mutum. A aika wani ya leƙa shagonsa ko ofishinsa, ya gaisa da maƙwabta, ya ji ko yana da faɗa, ko yana riƙe amana, ko ana ganinsa a masallaci. Haka aka yi wa mazan ƙannena, haka surukai suka yi wa Baffan kansa. Baffa ya ce ba zai karya al'adar gidansu don wani teku ya gitta ba. Tunda yaro ya ce wurin zamansa na Amurka, to a je Amurka a dubo.

Ya kuwa samu ɗan aike. Wani abokinsa na kasuwa yana da ɗa ma'aikacin jinya a can. Baffa ya sa aka kira shi, ya ce in ya taso aiki bayan la'asar ya ɗan leƙa. A lissafin Baffa, Amurka gari ne guda mai tasha ɗaya, kamar ka ce daga Lafiya ka leƙa Doma. Bawan Allah nan, saboda kunyar uba, ya ɗauki hutu ya yini cur yana tuƙi.

Ranar Lahadi da yamma ya bugo. Aka buɗe muryar wayar aka ajiye ta a tsakiyar tabarma, Baffa da ƙannensa suka kewaye ta kamar kwanon tuwo. Wannan karon ban ɓoye ba, na tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce ya samu wurin, gini ne mai kyau da darduma. Akwai wata Baturiya a kan tebur, ta duba kwamfuta ta ce ƙwarai kamfanin na nan, rajistarsa lafiya lau. Na yi hamdala a zuci.

Baffa ya sunkuya kan wayar. “Ta san yaron?”

“Ta ce ba ta taɓa ganinsa ba.”

“Yaran shagonsa fa?”

“Babu yara, Baffa.”

“Kaya?”

“Babu kaya. Akwai injin ruwan sha da tukunyar fure.”

“To ka gaisa da maƙwabtansa? Me suka ce game da halinsa?”

Nan ma'aikacin jinyar ya yi gyaran murya. Ya ce ya tambaya kamar yadda aka umarce shi, Baturiyar ta ce kamfanoni ba adadi ke amfani da wannan ƙofar, kuma ba mai kamfani ko ɗaya da ya taɓa takowa. Da ya tambayi ko yana da faɗa, sai ta tambaye shi ko yana so ta kira masa wani. Gaskiya bawan Allah ya yi adalci, ya ƙara da cewa haka tsarinsu yake, doka ta yarda, babu cuta a ciki. Amma wa ya ji? Baffa ya riga ya fara salati, ƙannensa na amsawa.

Raina ya ɓaci, bakin nan nawa ya kuɓuce. Na ce, “Baffa, ai ku ma doyar da kuke sayarwa ba taku ba ce.”

Inna ta mintsine ni a baya har sai da wurin ya yi sati yana zogi. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, “Ni ina da benci. Duk wanda na cuta ya san inda zai same ni. Shi in ya cuce ki, wace ƙofa zan buga?”

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar ba ta wauta ba ce gaba ɗaya. Sai na shige ɗaki na yi kukan haushi.

Hukunci ya fito washegari. Yaro ya buɗe shago a Lafiya, mai ƙofa da kwaɗo, inda za a same shi daga safe zuwa magariba, ya kuma rabu da harkar Amurka. In ba haka ba, ya nemi mata a gaba. Na ce wa saurayin nawa kada ya yarda. Na ce mu jira, Baffa zai gaji. Ya ce ya ga idon Baffa, ba mai gajiya ba ne, kuma shi ba zai iya ganin an kai ni wani gida ba. Na ji daɗin maganar, ba zan yi ƙarya ba. Na ji daɗinta sosai har ban tsaya na auna abin da za ta ci ba.

Da ribar shebur ɗin ƙanƙara ya kama shago kusa da tasha, ya zuba sukari, madara, sabulu da ashana. Baffa ya zo da kansa ya bubbuga kanta da sanda, ya leƙa bayan ƙofa, ya shinshina buhun shinkafa, ya ce yanzu ya ga sana'a. Aka ɗaura aure. A wurin walima mutane suka riƙa riƙe hannun angon da hannu biyu suna cewa Allah ya ƙara shirya, kamar wanda ya fito daga gidan yari. Baffa kuwa ya zagaye kasuwar doya kaf yana ba da labarin yadda ya ceto ɗan mutane daga hannun Turawa.

Da fari na zaci za a yi ’yar dabara, shago da rana, kwamfuta a saci jiki. Ina. Baffa ya mai da shagon wurin hutawarsa, in bai zo ba ya aiko a sayi ashana ɗaya don a ga ko mai shago na nan. Shi kuma talla a intanet ba ya jira, in ka bar shafi kwana biyu wani ya haye gabanka. Da lokacin sabunta rajista ya zo, na ce ya ba ni in je in yi, ba wanda zai sani. Ya ce ya yi alkawari a gaban manya. Na zage shi tas, na ce gaskiyarsa ta yi yawa har ta zama cuta. Ya yi murmushi ya ci gaba da ƙulla sukari a leda. Haka kamfanin ya mutu, ba jana'iza, ba zaman makoki.

Ba mu yi yunwa ba. Shago na kawo na cefane, mijina bai taɓa ɗaga min murya ba, bai taɓa cewa saboda ke ba ko sau ɗaya. Da ya faɗa ma da na samu abin yin faɗa a kai. Sai dai ya daina bin hanyar Jos, ko acaba ya hau sai ya ce a zaga. Ni na so aure, na samu, shi ya biya, kuma wannan abin yana zaune a ƙirjina har yau.

Wata rana a 2010 na kai masa abincin rana, goye da ’yarmu ta fari, sai ga Baffa ya shigo yana haki. Ko zama bai yi ba ya fara. Wai ɗan wani abokin hamayyarsa a kasuwar doya ya sayi mota, sabuwa fil, kuma an ce da tallar intanet ya saye ta.

Ya dubi mijina ya ce, “Har kamfani aka ce ya buɗe a ƙasar waje, yana zaune a nan Lafiya. Ka ga yaran zamani masu kai. Ga autana can ya gama makaranta yana zaman banza. Kai da kake hulɗa da jama'a, ba ka san wanda ya iya abin nan ba, ya koya masa?”

Na dubi fuskar Baffa ko zan ga alamar kunya. Babu ko ɗigo. Da gaske yake tambaya, har da ɗan marairaicewa. Jinina ya hau, na sauke kwanon abinci na buɗe baki, duk maganar da na tara tun ranar wayar nan ta taho min maƙogwaro. Mijina ya dube ni sau ɗaya, na haɗiye ta.

Ya gama ƙulla ledar da ke hannunsa, ya jera ta a kan sauran, ya goge kanta da tsumma a hankali.

Ya ce, “Ban san kowa ba, Baffa. A ba ku sukari ne, ko madara?”