Lambar sirri a bayan ƙofa

Ni na yi kwas ɗin kwamfuta a birni, ni na sayo kwamfutar na kawo ƙauyenmu, har riga na ɗinka mata. Amma da Baba ya tashi adana takardun gonarmu, sai ya kira ƙanena mai sayar da albasa, ya sa shi ya ɗauki hotonsu da wayarsa, shi ke nan.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ce, "Baba, waya fa a kasuwa ake zare ta. Kwamfutata tana ɗaki, da lambar sirri."

Ya ce, "Shi da yatsansa yake buɗe tasa, yatsan kuwa yana jikinsa. Taka lambar ba ita ce ka rubuta da gawayi a bayan ƙofa ba? Har Innarku ta haddace ta."

Ƙanen nawa ko ɗago kai bai yi ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Na shiga na goge rubutun tas. Da aka kawo wuta bayan kwana tara, na zauna zan buɗe ta, lambar ta ɓace mini. Sai da na je na durƙusa na tambayi Inna.