Mai Ƙirga Motoci a Kwai Chung

Szeto Wing-fat ya yi shekara talatin yana gadin sito a Kwai Chung kafin ya ajiye aiki. Na san shi ne a zauren dillalin hannun jari na unguwarmu, inda mu tsofaffi muke taruwa kowace safiya saboda sanyin ɗakin da shayin kyauta, muna kallon lambobi suna iyo a kan allo kamar kifaye. Idanunsa suna kan allon, amma hankalinsa yana can kan tudu.

A kan tudun akwai gidan ajiye tokar mamatan da aka ƙone gawarsu, kuma ya yi wa marigayiya matarsa alkawarin gurbi mai ɗaukar mutum biyu. Ba ya son layin ƙasa, inda ƙafafun masu ziyara suke wucewa. Layin da yake daidai ido yake so, wanda kuɗinsa ya fi ninkin abin da ya tara. Saboda haka ya zuba kuɗinsa duka a hannun jarin wani kamfanin busasshen kifi, senti tara kowanne. Cikin wata uku aka hura farashin ya kai senti goma sha tara. Ya kan zauna yana zaɓar hoton da zai manna a jikin gurbin, yana jiran ashirin.

A lokacin ne wani tsohon abokin aikinsa ya samo masa aikin mako biyu: ya zauna a bakin wani sito, ya rubuta kowace motar da ta shiga ko ta fita. Sai da ya isa ya ga sunan kamfanin da ya zuba wa kuɗinsa a kan ƙofar. Motoci huɗu ne kawai suke kewayawa daga safe zuwa yamma, tayoyinsu ba su lotsa ba, alamar babu kaya a ciki. Babu ƙarnin kifi. Babu kyanwa ko ɗaya, kuma duk tsohon mai gadi ya san ma'anar hakan: babu kifi a siton.

Ya gane waɗanda suka ɗauke shi aiki. Su ne masu aron hannun jari su sayar da tsada, su tona asirin kamfani farashi ya faɗi, su saya da araha su mayar wa mai shi. Ya miƙa musu ƙirga ta gaskiya, aka ce rahoton zai fito ranar Litinin.

Ranar Juma'a ya cika takardar sayarwa. Lui Sau-king, tsohuwar tela da take zama a gefensa, ta leƙa.

"Kawu Szeto, tsoro ya kama ka ke nan? Sayar, ni zan kwashe. Ƙaton banza, zuciyar kaza."

"Yaya Lui, kada ki saya," in ji shi. "Sitonsu ko kyanwa babu."

Ta ce tsufa ya fara taɓa masa kai, amma ta mayar da alƙalaminta cikin jaka. Shi kuwa ya daɗe yana duban layin kawuna masu furfura da suke gabansa, sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu. Daga baya ya gaya mini cewa duk wanda zai saya daga hannunsa a ranar, tsoho ne irin waɗannan, a wani zaure irin wannan.

Ranar Litinin farashin ya sauko zuwa senti biyu, aka dakatar da cinikinsa.

Da bazara na raka shi a jirgin ruwan gwamnati da yake kai iyalai zuba toka a teku kyauta. Hazo ya rufe tsibirai, ruwan ya kwanta luf. Ya zuba tokar matarsa a hankali, yana yi mata bayani ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da uzurin makara. Da muka dawo, ya tambayi ma'aikacin jirgin sunan wurin daidai, ya roƙe ni in rubuta masa a takardar wasiyyarsa cewa a nan za a zuba tasa tokar, domin rubutuna ya fi nasa kyau.