Ramin Da Kawu Ya Yi Kyauta Da Shi

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana raye, na ɗauki niyyar yin hanyar mota daga bakin titi zuwa ƙofar gidanmu a nan Dogon Dutsi. Duk wanda ya san unguwarmu ta gangaren fadama ya san ƙasarta. Baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage har mutum ya sa hannu cikin tsagar, da damina ta kumbura ta riƙe maka takalmi ta bar ka ka tafi da ƙafa. Daga ruwan farko har kaka mota ba ta kusantar ƙofarmu.

Ba don ado na so hanyar ba, ni ko mota ba ni da ita. Ƙafafun Inna ne suka daina ɗaukarta, kuma lokaci-lokaci sai an kai ta likita. Da rani mota takan matso har zaure. Da damina kuwa sai an goye ta zuwa titi. Ƙannena maza suna ci-rani, matata ba ta da ƙarfin ratsa laka da babban mutum a baya, don haka ni ne mai goyon. Ni kuma ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son abu sai ta dubi matata ta ce, "A ce masa." Haka aka rene su. To ku duba mace irin wannan a bayan ɗan farinta, a fili, maƙwabta suna ta sannu. Takan ja mayafi ta rufe fuska, ina jin jikinta ya sandare kamar itace. Damina guda na yi haka, na ce da yardar Allah ba za a ƙara ba.

Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, amma na daɗe ina tuƙa kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, wajen masu aikin hanya, na ga yadda ake yi da laka. Ba a shimfiɗa komai a kanta. Da farko a haƙe ta a fitar da ita. Sannan a daidaita gindin ramin, a ba shi gangare zuwa titi don ruwa ya san inda zai bi. Sannan duwatsu, sannan jar ƙasa mai tsakuwa, kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Sai rairayi, sai a jera ƴan tubalan simintin nan da muke kira pabe. In aka tsallake ɗaya, sauran duka aikin banza ne.

Da bazara ta kama na samo masu diga da felu, wato shebur, muka haƙa zurfin gwiwa tun daga titi har zaure. Na kafa turaku, na ja igiya, na auna gangaren da tiyon ruwa. Masu aikin sun sha faɗa a hannuna, ɗayansu har ya ce ko kabari ba a yi masa wannan awo. Gindin ramin ya fito sumul, mai tauri, digar ma tana tsalle a kansa. Lakar da muka fitar muka tara ta gefe guda. Lokacin kowa yana neman ƙasar yaɓe da ta tubali kafin ruwa, sai na ce duk mai so ya ɗiba daga tulin, amma kada ƙafar kowa ta shiga ramin. Na shirya da mai kamiyo ya kawo duwatsu daga wajen garin Kiyeshe.

Ana haka ciwon Inna ya tashi, aka ce sai babban asibitin Doso. Na tafi da ita, ni da ƙanwata. Kafin in tafi na kira kawuna, ƙanen Inna, wanda gidansa yake bayan namu. Na zagaya da shi wurin, na nuna masa igiya, na nuna masa turaku, na ce abu biyu kawai nake roƙo: kada a taɓa ramin, in duwatsu sun zo a zuba su ciki. Ya ce in tafi hankali kwance, shi da ya gina rumbuna kafin a haife ni ba za a koya masa tsaron rami ba.

Ya kamata in gaya muku halin Kawu. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai son a gode masa. In ya ji "Allah ya saka" sai ka ga ya ƙara tsawo. Abin da bai damu da shi ba, shi ne ko abin da ya bayar nasa ne.

Jinya ta ja fiye da yadda muka zata. Duk sanda na kira gida, matata sai ta ce lafiya lau. Daga baya na ji Kawu ne ya hana ta faɗa, ya ce ba a ɗaga wa mai jinya hankali, ita kuma ba za ta musa wa suruki ba.

Ga abin da ya faru a bayana. Tulin laka ya ƙare. Wani maƙwabci da bai gama tubalinsa ba ya zo wajen Kawu, Kawu ya ce ya ɗan kankara daga gefen ramin. Wani ya gani, shi ma ya zo. Da aka yi ƙasa kaɗan sai aka tarar da yumɓu mai kyau, labari ya kai wa mata masu ginin tukwane, suka zo da kwanduna. Masu tubali suka ga wahala ce su kwashi ƙasa su kai gida su kwaɓa, sai suka riƙa zuba ruwa a cikin ramin suna kwaɓawa nan take, har da ƙaiƙayi da kashin jaki. Turakuna aka ɗaure jakuna a jikinsu. Da mai kamiyo ya iso da duwatsu, Kawu ya mayar da shi, ya ce ya dakata bayin Allah su gama tukuna, kada ya rufe musu ƙasa.

Ranar da aka sallame mu, ashe an yi ruwan farko a gida, mai yawa. Muka iso da la'asar a motar haya. Direba ya tsaya a titi ya ce, "Malam, nan ne gidan, ko tafkin?" Na leƙa. Daga titi har zaure ruwa ne kwance, baƙi, ƙaiƙayi yana yawo a kai. Tubala jere a jikin katangata an rufe su da zana. Hanya ɗaya ta rage, ɗan siririn gefe tsakanin ramin da bango, mai santsi, wanda mutum ɗaya kaɗai zai bi. Ga jama'a sun taru taryen Inna, kuma rabinsu ƙasar ramin ce a bangon gidajensu.

Babu yadda zan yi. Na durƙusa, ƙanwata ta ɗora mini ita. Ta rame ƙwarai, amma ban taɓa jin nauyinta kamar ranar ba. Na bi gefen bangon a hankali, ina dafawa da kafaɗa, mutane suna ta "sannu Inna, sannu da jiki." Da muka kai tsakiya, inda ba kowa kusa sai ni da ita, na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa cikin mayafi.

"Ku ce masa ya sauke ni, ko cikin ruwan ne."

Ba wanda zai ce mini. Ni kaɗai na ji. Na ci gaba da tafiya har na kai ta ɗaki.

Washegari na sami Kawu a ƙofar gidansa zaune da abokan hirarsa, yana shan fura. Na gaishe shi yadda ya kamata, na zauna ƙasa, don ko ina tafasa kawu kawu ne. Na ce na zo jin dalili.

Ya ce, "Ɗana, mi na abin hushi? Rami dai cike shi za ka yi. In ya ƙara zurfi, ka ƙara dutsi. Kuma duk tubalin da anka buga, ladar uwarka ta. Ka san addu'a nawa anka yi mata? Ita ta tashe ta, ba allurar Doso ba."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce ƙasar da Allah ya danne tun fil azal daban take da wadda mutum ya mayar. Na ce gindin da na bari ya fi siminti tauri, yanzu an mai da shi kunu, wani wuri zurfin gwiwa, wani wuri har ƙugu, gangaren ma ya juya yana kallon zaure. Na ce ba a zuba dutse a kan jiƙaƙƙiyar laka, haɗiye shi take yi. Ya saurara har na gama, ya kurɓi fura, ya ce ni dai tun ina yaro in ba a jera mini takalma daidai ba ba na cin tuwo. Waɗanda ke zaune suka yi dariya. Na tashi na yi sallama. A raina kuwa Allah kaɗai ya san abin da na jera masa.

Na bi gidajen da suka ɗibi ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ban yi faɗa da kowa ba. Na ce wanda ya fitar da amalanken laka ya mayar da amalanken dutse. Wasu suka ji kunya suka kawo. Wasu suka ce su Kawu ya ba su, ba su san ni ba a maganar. Wani har ya ce ai taimakona suka yi, da ni zan biya masu haƙa.

Damina ta riga ta zauna. Mu kwashe ruwa da bokiti, rana ta fara busar da wurin, hadari ya sake haɗowa. Na jera duwatsu a gefen bango don masu ƙafa, amma mota ko kusa. Abin da ya fi ci mini rai, Inna ta ƙi fita. Lokacin komawa likita ya yi, ta ce wa matata a ce masa ta warke. Ba ta warke ba, goyon ne ba ta so. Sai wani ma'aikacin jinya na roƙa yana zuwa gida yana duba ta, shi ma da takalmi a hannu. Duk daminar nan ba ta ga titi ba.

Sai bayan an yanke hatsi ƙasa ta bushe. Na sake daga farko. Muka kwashe duk kwaɓaɓɓiyar lakar har muka taɓa mai tauri, muka cike ramukan da dutse da jar ƙasa, muna daɓewa shimfiɗa bayan shimfiɗa. Wannan karon a bakin wurin nake cin abinci. Kawu yakan zo ya tsaya da hannu a baya yana ba masu aiki shawara.

Ranar da mota ta fara hawa pabe ta tsaya daf da zaure, matata da ƙanwata suka riƙe Inna ta taka ta shiga da kanta, fuskarta a buɗe. Ta dubi hanyar ta tagar mota, ta ce wa matata, "Hanyar nan ta yi." Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni. Ta yi ƴan shekaru tana bin ta kafin Allah ya karɓi abinsa, ban sake goyonta ba.

Mutane suna cewa in manta, abu ya wuce. Na yafe, amma ban manta ba, kuma ba na jin ya kamata in manta. Wanda ya yi kyauta da abin wani, shi ake gode wa, mai abin kuma in ya yi magana a ce marowaci ne. Tun daga nan in na fara aiki ba na barinsa a buɗe in tafi, in kuwa dole ne, ba na bar wa mai son godiya.

Har yau akwai wuri guda kusa da zaure, inda masu tukwane suka fi zurfafawa, da yake lotsawa duk damina. In ɗaga pabe, in ƙara rairayi, in mayar. Kawu ya tsufa sosai yanzu, amma in ya zo gidan sai ya tsaya a daidai wurin, ya buga sandarsa, ya ce, "Ɗana, nan ba ka daɓe da kyau ba."

Akwai kuma randa a tsakar gida. Ɗaya daga cikin masu tukwanen ce ta kawo wa Inna, da yumɓun ramina aka gina ta. Inna ba ta shan ruwan kowace randa sai ita. Ni na rantse a raina ba zan sha ba, na kuma daɗe a kan bakana. Yanzu in zafin bazara ya tsananta, na duba ba kowa a tsakar gida, nakan ɗiba da moɗa. Ruwanta ya fi na kowace randa sanyi, kuma wannan ma haushi yake ba ni.